Tsinken Wuri Ɗaya: Tarihin Wuraren Cin Abinci a Tasawa

Garin Tasawa yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta miƙe gabas, kusan rabin tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya fito daga yamma sai ya bar Gazawa a bayansa kafin ya iso, wanda ya fito daga gabas kuma ta Mai Jirgi zai biyo. Yawancin matafiya abin da suka sani game da garin bai wuce kilishin da ake miƙo musu ta tagar mota ba. Ni ɗan garin ne, kuma a wannan rubutu ina so in bi sawun wuraren da mutum kan tsaya ya ci abinci da kuɗinsa a Tasawa, tun daga tukubar mai tsire har rumfar mai tuwo da teburin mai shayi. Abin da na fahimta shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu don baƙo aka fara kafa shi, kuma hanyar da ke kawo baƙon ita ke riƙe da shi. In hanya ta cika, tukunya ta cika. In hanya ta kau ko ta rufe, sai murhu ya mutu.

Abin da baƙon 1851 ya gani

Akwai tsohuwar shaida a rubuce game da kasuwarmu, daga hannun Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim. Ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, bayan ya ratso Sahara da ƙasar Azbin, ya biyo ayarin Buzaye da ke gangarowa kudu kowace shekara da gishirin Bilma. A lokacin garin yana bin sarakunan Katsina da suka koma Maraɗi bayan jihadi ya raba su da birninsu. Daga yankin nan ne abokin tafiyarsa Overweg ya yi yamma wajen Maraɗi da Gobir, shi kuma ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano.

Kafin ya tashi ya zaga kasuwa, ya kuma rubuta abin da ya gani. Kayan ci ne suka fi yawa a cikinta, ɗanye da dafaffe. Ya ga ƙore cike da fara da aka gyara don ci. Ya ga an ɗaga ƙasa an yi tudu a wurare da dama a tsakiyar kasuwar, an hura wuta a kai, an soke ƙananan yankan nama a tsinke, mai kitse a sama, yadda in ya narke zai gangaro ya jiƙa na ƙasa. Kuɗin kowane ɗaya wuri ɗaya ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire ya gane abin da Baturen yake bayani. Tukuba ce. Sama da shekara 170 ke nan, amma da za a ta da mai naman wancan zamani a kawo shi bakin tasha yau da la'asar, ba sai an koya masa komai ba, hannun riga kawai zai naɗe.

Farashin nan na wuri ɗaya ya cancanci a tsaya a kansa. A Kano, a wannan shekara, Barth ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Ke nan mai dala ɗaya yana iya ciyar da gari guda da tsire. Daga baya sunan dala ya koma kan kuɗin Faransa na tamma biyar, shi muke lissafi da shi har yau, ga shi kuma yanzu sai ka haɗa dala ashirin kafin mai tsire ya ɗago kai ya dube ka. A Tasawa ɗin dai Barth ya ga ana ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar, aikin da sai da mutum biyar ko shida suka taru a kansa. Ga babban falke wuri wahala ne. Ga mai ƙosai da mai fura kuwa rahama ne, domin kuɗi ne da ya yi ƙanƙantar da zai sayi loma ɗaya. Sana'ar dafaffen abinci ba ta tsayuwa sai da ƙaramin canji, kuma wuri ya ba ta wannan tun kafin a ga kwabo ko tamma.

To, su wa ke cin wannan tsire? Madugu da manyan fatake suna da mai masauki a cikin gari, shi ke ba su ɗaki, daga gidansa ake kawo musu akushi, shi ke haɗa su da masu saye ya ci ladansa. Waɗanda suka rage su ne jama'ar kasuwa: yaran ayari da ke kwana a zango wajen raƙuma da jakuna, ƴan alaro masu kaya a ka, da mutanen ƙauyuka da suka yi sammako tun asuba da damin hatsi ko akuya, ba za su ga gida ba sai bayan magariba. Waɗannan ba su da tukunya a kusa. Su ne ke zama gaban Bafillatana a dama musu fura da nono, su ne ke sayen waina da ƙosai, in ciniki ya yi kyau a ƙara da tsinke biyu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai komawa ƙauye a ƙasa kuwa ya fi kowa sanin haka.

Mai gida ba ya ci a fili

Ɗan gari mai iyali ba ya cikin wannan layi. A tarbiyyar da muka tarar, magidanci ya zauna a kasuwa yana kai loma abin kunya ne. Malamai ma sun ƙarfafa haka, domin littattafan fiƙihu sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin wanda ba ɗan kasuwar ba, har ya iya taɓa karɓar shaidarsa. Mutanen gari kuma suna da nasu hukuncin. In aka ga mai mata gaban mai tuwo, kafin la'asar labari ya zaga cewa uwargida ta yi yaji, ko kuwa rumbu ya ƙare. Gwauro da tuzuru ne kaɗai aka yi wa uzuri, su ma da tsokana.

Sai dai abin da ake jin kunya shi ne a gan ka kana ci. Saye ba laifi ba ne. Magidanci yana tsayawa wajen mai nama a yanka masa, a barbaɗa yaji, a ƙunshe, ya sa a aljihun riga ya kai gida. Abincin rana kuwa a gidaje da yawa saye ake yi, don tuwon dare shi ne girkin da ya zama dole a kan mai gida. Da hantsi ƴan mata ke fitowa da tallan fura, ɗan wake, dambu ko tubani, suna bin zauruka da majalisu. Wani Bafaranshe mai bincike, Claude Raynaut, ya yi nazarin wannan a ƙauyen Sumarana kusa da Maraɗi, ya kuma wallafa shi a 1977. Ya nuna yadda dafaffen abinci ke yawo tsakanin gidaje da kuɗi, yana kwaso abin da ke aljihun maza yana maida shi hannun mata. Abin da ya gani a can shi ne abin da muka tashi muka gani a unguwanninmu. Da ribar fura ake sayen akuya, da ita ake zubin adashi da biki, da ita ake tara kwanonin da za a jera wa ɗiya ranar aurenta.

Saboda haka masu dafa abincin sayarwa kashi biyu ne tun asali. Akwai matan aure da ke bayan katanga, ba a ganin su, sai dai a san hannunsu, a ce furar gidan wane ta fi laushi. Akwai kuma zawarawa da tsofaffi, waɗanda ba kulle a kansu, su ne ke ɗaukar tukunya su kafa murhu a gefen kasuwa. Waɗannan su ne iyayen duk wata rumfar abinci da ke garin yau. Nama kuwa na rundawa ne, sana'ar gado, ƙarƙashin Sarkin Fawa, wanda ke lura da abin da aka yanka da yadda aka yanka shi. Abin mamaki, mutanen da kowa ke ci daga hannunsu su ne aka daɗe ana ja da baya in sun zo neman aure.

Bariki, gyaɗa da kamiyo

A watan Yuli na 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taho tana ƙone garuruwa tun daga yamma, ta watse a Mai Jirgi, nan gabas da mu, inda sojojinsu suka harbe su. Wannan bai hana Faransa kama ƙasar ba. Tasawa ta zama mazaunin kwamanda, har zuwa 1927 da aka mayar da babban ofishin yankin Maraɗi.

Bariki ya kawo wasu masu ci da ba a saba da su ba. Ga sojoji da masinjoji, ga tafintoci da akawuna da aka ɗauko daga nesa, wasu ba su zo da iyali ba, kuma albashi suke karɓa a ƙarshen wata. Ga talakawa da aka kira kan haraji ko shari'a, mutum ya kwana biyu ko uku a gindin itace yana jiran a kira sunansa. Ga kuma waɗanda aka kamo aikin dole na gyaran hanya, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Duk inda irin wannan taro yake, mai fura za ta same shi.

A wannan zamani ne kuma tsohuwar hanya ta fara mutuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da ke ratso Sahara a bayan raƙumi suka koma shigowa ta teku. Ayarin gishiri bai daina zuwa ba, amma manyan fataken Arewa sun ragu, zango ya yi sanyi. Nasara kuma ya ce harajinsa da tamma za a biya, wuri ya ja baya sannu a hankali, ƙananan cinikin mata ne wurin da ya fi daɗewa.

Abin da ya maye gurbin ayari shi ne gyaɗa. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 ita ce ta riƙe ƙasar Maraɗi da Damagaram. Da kaka ta yi sai a buɗe ciniki, a kafa sikeli, manoma su yi ta shigowa da buhuna a kan jakuna da raƙuma. Kamiyo ke kwashe ta zuwa tashar jirgi a Najeriya, daga 1953 kuma aka fara karkata wani kaso ta Dahome. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA ya riƙe cinikin. Ga mai sayar da abinci wannan lokaci ne na samu, domin manomin da ya karɓi kuɗin shekara a hannu ɗaya ba ya komawa gida da yunwa. Sannan ga direba da yaransa, mutanen da gidansu mota ne. Saboda su ne murhu ya fara tashi daga tsakiyar kasuwa ya koma inda motoci ke tsayawa. Kasuwa mako-mako take ci, tasha kuwa kullum ce, har da dare. A nan mai tuwo ta fara dafawa kwana bakwai a mako.

Gyaɗar ta shiga cikin tukunya ma. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, amma yawanta ya sa mai da tunkuza da ƙuliƙuli suka wadata a kowane gida. Mai suya ta samu man ƙosai da waina, mai tsire ya samu garin da zai mulmula nama a ciki, mai kwaɗon zogale ta samu mahaɗi. Da farin 1973 da 1974 ya zo, cuta kuma ta bi gonakin, gyaɗa ta faɗi, wake ya karɓi wuri mai yawa a gona. Sikeli ya tashi, amma tasha ta riga ta kafu.

Yadda benci ya ci kunya

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka yi ta shimfiɗa kwalta a babbar hanya, sashe bayan sashe, har ta haɗa Yamai da gabashin ƙasa. Garin ya juya fuskarsa ga titi. Rumfunan abinci suka jeru a bakinsa, aka samu abin da babu shi a da, wato benci da tebur. Mai ci a kasuwar dā tsugunawa yake yi, ya juya wa jama'a baya, ya gama da sauri ya tashi. Mai zama a benci kuwa titi yake kallo, kowa na ganinsa.

Abu biyu ne, a ganina, suka sa ɗan gari ya yarda ya hau bencin nan. Na farko ci-rani. Samarin da suka tafi Kano, Legas, Abijan, daga baya Libiya da Aljeriya, sun yi watanni ba mai dafa musu, sun saba da cin abinci a gaban mutane, sun dawo ba su ga abin kunya a ciki ba. Na biyu ma'aikatan da gwamnati ke turowa: malaman makaranta, jandarmomi, ma'aikatan asibiti, da ɗaliban ƙauye da suka zo kwaleji. Da yawansu sukan yi yarjejeniya da mai tuwo, a riƙa zuba musu kullum, su biya in wata ya mutu. In malamin makaranta da rigarsa mai guga ya zauna ya ci, wane ne zai ce mutunci ya zube?

Teburin mai shayi shi ya ƙarasa aikin. Shayi iri biyu ne a wurinmu. Akwai na Buzaye, ɗanyen ganye da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, a sha a ƙananan kofuna har zagaye uku. Wannan na hira ne da zumunci, shi ne kuma samarin fada suka runguma tun shekarun 1990. Akwai kuma na mai tebur, da babbar butarsa, da gwangwanayen madara da Nescafé a jere, da burodi, da ƙwai da ake soyawa da albasa. Shayi ba tuwo ba ne, don haka wanda aka gani yana sha ba za a ce gidansa ba a girki ba. Ta wannan ƙofa dattawa ma suka shigo. Ga kuma akwatin rediyo a gefen tebur. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri tun 1957, ga Muryar Sahel daga Yamai, ga Jamus da Amurka, sai teburin ya zama wurin da ake jin labarin duniya a kuma yanke masa hukunci nan take. Mu da ke aikin rediyo mun san haka. In kana so ka san yadda jama'a suka karɓi shirin jiya, je ka zauna wajen mai shayi bayan sallar asuba, kada ka ce komai.

Abin da ke cikin kwano ma ya bi hanya. Shinkafar da ake ci da wake da mai da yaji a tasha yawancinta daga Asiya take, ta sauka a tashar ruwa ta bi kamiyo ta iso. Maka ta zo ta samu taliyar hannu da iyayenmu ke murzawa. Dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa, a wasu tukwanen ya kore ta. Garin rogo, awara da Indomie daga Najeriya suka hauro. Awara ma ba ta daɗe ba, iyayenmu ba su tashi da ita ba, amma yau da wuya ka ga ƙofar makarantar da babu mai suyarta. Duk da haka tsofaffin ba su tafi ko'ina ba. Ranar kasuwa har yanzu layin masu fura ya fi kowane layi cika da azahar, dambu da zogale yana nan, fara tana nan a kwando in lokacinta ya yi.

Kilishi, guzurin mai nisa

A cikin duk abincin garin, kilishi ne ya fi nuna cewa da matafiyi aka yi shawara. Tsire na wanda zai ci yanzu ne. Kilishi na wanda zai kai wani wuri ne. Tsokar cinya ake samu marar kitse, a fere ta da wuƙa har ta zama shimfiɗa kamar tsumma, a baza a kan gadon kara rana ta busar. Daga nan a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da citta, kanumfari, masoro, albasa, barkono da gishiri, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta kaɗan. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu, mai da yaji kawai ake bi da shi. Nama mai nauyi ya koma abin da za a naɗe a takarda, ya yi makonni bai lalace ba in an kiyaye shi daga danshi.

Shi ya sa sunan Tasawa, kamar na Madawa, ya yi nisan da ƴan garin da yawa ba su yi ba. Ɗalibi ya kai wa abokansa a Yamai, alhaji ya sa a jaka, ɗan ci-rani ya tafi da shi. A shekarun nan hukumar OAPI, mai rajistar haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka da ke da mazauni a Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar rajista tare da albasar Galmi, don kada wani ya sayar da nasa da sunan namu. Abin farin ciki ne. Sai dai mai ferar naman da ke zaune cikin rana tun safe, har yanzu ribarsa tana rataye ne a kan minti goma da babbar motar fasinja za ta tsaya, ko ta wuce ba ta tsaya ba.

In hanya ta rufe

Mai son ya san lafiyar ƙasar nan ya duba kwanon mai tuwo. Ba ta cika ƙara kuɗi ba, don ta san aljihun masu zuwa wurinta. Malmala take ragewa. In tiyar hatsi ta hau, tuwon dala ashirin ya ƙanƙance, naman miya ya koma ƙashi, daga nan sai ka zo wata rana ka tarar da duwatsun murhu kawai.

Mun ga haka ba sau ɗaya ba. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canza launin naira ta kuma rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai 1986, ga shi damina ta ƙi. Yunwar wannan shekara har yau da sunan shugaban Najeriya na lokacin, Buhari, tsofaffinmu ke kiran ta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, madarar gwangwani da fulawa da duk abin da ke zuwa daga waje suka yi tsalle, masu shayi suka ji a jikinsu. A 2005 hatsi yana kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, ƙasar Maraɗi ta cika da cibiyoyin yara masu tamowa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka har Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma takunkumi ya zo, aka tsayar da kamiyoyi, aka yanke wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa. Mai ƙanƙara da mai zoɓon sanyi suka zauna, mai shayi ya rasa direbobin dare, har zuwa farkon 2024 da aka ɗage.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ake faɗa a labarai shi ne asarar manyan ƴan kasuwa da ta ma'aikatar kwastan. Ba a lissafa bazawarar da ke ciyar da ƴaƴa biyar da tukunyar shinkafa da wake, wadda jarinta bai wuce na kwana biyu ba. In motoci suka yi mako ba su zo ba, jarin ta cinye shi da yaranta, kuma ba bankin da zai ba ta wani. Shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai ko Dakar, a murhunta take fara sauka.

Akwai kuma ƴan matan talla, waɗanda sana'ar nan ta tsaya a kan kawunansu tun zamanin wuri. A da zauren maƙwabta suke bi. Yanzu titi suke tsallakawa da gudu da tire a ka, suna rige-rigen isa tagar mota, a lokacin da sa'o'insu ke aji. Ana yawan cewa a hana talla, ni ma ina son ganin yaran nan a makaranta. Amma wanda ya san tarihin abin ya san cewa yarinyar ita ce ƙafar uwarta da ke cikin gida. In za a cire ta daga titi, sai an samar wa uwar wata hanyar da abincinta zai kai ga mai saye, ko rumfa mai tsabta da ruwa kusa da tasha, ko babbar mace da za ta karɓa ta sayar a raba riba. In ba haka ba, an rufe wa gidan hanya ne kawai, kamar yadda ake rufe iyaka.

Tarihin garuruwanmu da ake karantarwa na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da ranar da kwamanda ya zo. Barth ya rubuta sunayen masu mulki da manyan fatake da ya gana da su, amma masu wutar da ya tsaya ya kalla a kasuwa ba mu san sunan ko ɗaya ba, alhali sana'arsu ta fi ganuwa da bariki daɗewa. Har yanzu akwai tsofaffi a Tasawa da suka dafa wa direbobin gyaɗa, akwai rundawan da suka san wanda ya koya wa kakansu fera. Haka yake a Madawa, a Matamai, a Magarya, da kowane gari mai kasuwa da tasha. Ina roƙon ƴan uwa marubuta, kowa ya je garinsu ya zauna da irin waɗannan, ya tambaye su me suka dafa, nawa suka sayar, wa ya ci, wace shekara ce wuta ta mutu, ya rubuta tun suna da rai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar hanyoyinmu a buɗe, ya sa wa masu ciyar da baƙo albarka a cikin nemansu.